Daga Ambursa zuwa Jidda: Awa Nawa Ne a Sama?

(KIƊAN BUƊE SHIRI)

Ina gaishe ku, na Birnin Kebbi da na Argungu, na Gwandu da Jega da Kalgo da Bunza, da waɗanda ke kama mu a fadama wajen shinkafa, da direbobin da ke kan hanya. Yau shirin namu sama zai hau, kuma goggona ce ta ba mu abin tattaunawa.

Wata shekara, tun kafin yaƙin Sudan na 2023, Allah ya nufe ta da sauke farali. Da ta dawo na je barka da sauka. Bayan an sha zamzam an ci dabino, sai ta jawo ni gefe ta ce, "Ɗan nan, kai da ka yi boko, warware mini wannan. Ran da muka tashi daga Ambursa ƙarfe 4 na yamma ne. Da muka sauka Jidda na duba wayata, ƙarfe 11 na dare. Awa 7 ke nan. Ran dawowa mun tashi ƙarfe 10 na safe, ƙarfe 1 na rana ga mu a Ambursa. Awa 3. Shin direban dawowa ya fi na zuwa gudu ne, ko kuwa hanya aka sake mana?"

Na ce, "Goggo, Allah ya ja kwana, babu ko ɗaya. Awa 5 kika yi a zuwa, awa 5 kika yi a dawowa."

Ta ce, "To ina sauran suka shiga?"

Wannan tambaya ta Goggo ta fi ƙarfin a amsa ta a tsaye. Na sha jin irinta a bakin maniyyata, da 'yan kasuwa masu zuwa Abuja, da iyayen da ke jiran ɗansu ya kira ya ce ya sauka lafiya. Mutum ya latsa waya, ta ce masa tsakanin fili kaza da fili kaza kilomita kaza ne, awa kaza ne, sai ya ɗauki wannan adadi kamar an rubuta a dutse. Nisan dai gaskiya ne, ba ya motsi. Lokacin kuwa yana miƙewa yana tsukewa, kuma yana da dalilansa.

Mu fara da agogo, tunda nan ne Goggo ta rikice. Kowa a nan ya san abin da ke faruwa da azumi. Mutanen Maiduguri sun sha ruwa, har sun yi magariba, mu a Kabi rana ba ta faɗi ba tukuna. Ratar ta wuce rabin awa, ko da yake agogonmu ɗaya da su. Dalili shi ne duniya tana juyawa ne ta fuskar gabas, saboda haka na gabas su ke riga ganin fitowar rana, su ke riga ganin faɗuwarta. Masana sun raba kewayen duniya daraja 360, kuma tana cika juyi ɗaya a awa 24, wato daraja 15 a kowace awa. Tsakaninmu da Maiduguri daraja 9 ce ko kusa da haka, shi ya ba da minti 30 da ɗoriya. Tsakaninmu da Makka kuwa daraja 35 ce da 'yan kai, wato rana tana tsayawa tsaka a Makka fiye da awa 2 kafin ta tsaya a kanmu. Don haka Saudiyya ta saita agogonta awa 2 gaba da na Nijeriya.

To ga abin da ya faru da Goggo. Ta tashi ƙarfe 4, ta yi awa 5 a sama, ta sauka ƙarfe 9 na dare agogon gida. Amma wayar hannu tana da dabarar da ba ta shawara da mai ita: da zarar ta kama layin ƙasar da aka sauka, sai ta koma agogon can. Ta nuna mata 11. Ran dawowa kuma, ƙarfe 10 na safen Jidda ƙarfe 8 ne a Birnin Kebbi. A ƙara awa 5, ƙarfe 1 na rana ke nan. Awa 2 ɗin da aka ƙara mata a zuwa su aka cire mata a dawowa.

Ku riƙe wannan da kyau, don duk tikitin jirgi a duniya haka ake rubuta shi: lokacin tashi da agogon garin da aka tashi, lokacin sauka da agogon garin da aka sauka. Idan ɗanka ya ce maka za su sauka Madina ƙarfe 11 na dare, kai da ke zaune a Argungu ka fara sauraron waya tun ƙarfe 9. Idan kuma alhaji ya bugo daga Jidda ya ce jirginsu zai tashi ƙarfe 10, ka tambaye shi, "Baba Alhaji, 10 ɗinku ko 10 ɗinmu?" Na san gidan da suka shirya motoci da abinci suka iso fili, suka tarar alhazansu sun yi awa 2 suna zaune a kan akwatunansu, don ba wanda ya yi wannan 'yar tambaya.

(KIƊA)

To, awa 5 ɗin da na faɗa wa Goggo, daga ina na samo ta?

Ina roƙon masuntanmu na Argungu su ara mini gora ɗaya, irin babbar nan da ake kifawa a kanta a kogin Matan Fada. Ka ɗauka ita ce duniya. Ka ɗiga alama ɗaya, ka ce nan ne Ambursa, inda filin jirgin saman Sir Ahmadu Bello yake. Ka ɗiga wata can gefe, ka ce nan ne Jidda. Sai ka samo zare, ka danne bakinsa a kan alamar farko, ka ja shi ya yi tsam har zuwa ta biyu. Yadda zaren nan ya kwanta a bayan gora, ita ce hanya mafi gajarta tsakanin wuraren biyu, kuma tsawonta ne ake kira nisan tafiyar jirgi. Ba a auna shi a shimfiɗaɗɗiyar taswira irin ta bangon aji, don duniya ba faifai ba ce. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin shimfiɗa ɓawon lemo a kan tebur ya san sai ya yage ko ya miƙe, haka taswira take yi wa ƙasashe.

Idan aka ja wannan zare daga Ambursa zuwa filin jirgin Sarki Abdul'aziz na Jidda, kimanin kilomita 3,800 ne. Zuwa filin Madina kuwa ya ɗan fi haka, yana neman 4,000. Kewayen duniya gaba ɗaya kimanin kilomita 40,000 ne, ashe ke nan maniyyacin da ya tashi daga nan ya sauka Madina ya ci kashi 1 cikin 10 na kewayen duniya tsakanin la'asar da bayan isha'i. Zaren yana bi ta kusa da Sakkwato, ya ratsa ta wajen Maraɗi, ya wuce arewa da Damagaram, ya bar Tafkin Cadi a hannun dama, ya keta ƙasar Cadi da Sudan, ya tsallake Bahar Maliya.

Akwai abin da ke taɓa zuciyata duk sa'ad da na zo nan. Wannan hanyar zaren, gabas a ɗan karkata zuwa arewa, ita ce kusan daidai alƙiblarmu. Da irin wannan lissafi ake fitar da alƙiblar masallaci. Wato inda kake fuskanta sau 5 a kowace rana, nan ne jirgi zai sa hancinsa idan an bar shi ya miƙe.

Wata 'yar faɗakarwa ga matasa masu duba waya. Wani lokaci za ka ga an rubuta 3,800, wani wuri 2,360, wani wurin 2,050, ka ce an yi ƙarya. Ba a yi ba, mudu ne ya bambanta. Na farko kilomita ne. Na biyu mil ne, irin wanda iyayenmu suka sani a duwatsun bakin hanya, kowane ɗaya kilomita 1.6. Na uku mil ɗin teku ne, wanda matuƙan jiragen sama da na ruwa ke aiki da shi, kowane ɗaya kilomita 1.852. Kafin ka yi gardama a kan adadi, duba da wane mudu aka auna.

Babban jirgi irin mai jigilar alhazai, idan ya kai sama ya daidaita, yana cin kimanin kilomita 850 a awa. Wato kilomita 14 a minti 1. Tafiyar Birnin Kebbi zuwa Argungu, kilomita 50 da 'yan kai, ba za ta kai masa minti 4 ba. Ka raba 3,800 da 850, za ka samu awa 4 da rabi. Sauran rabin awar kuma?

Jirgi ba ya fara wannan gudu daga ƙasa. Lokacin da ake rubutawa a tikiti yana farawa ne daga sa'ad da jirgi ya motsa daga inda aka faka shi. Zai yi tafiyar hawainiya zuwa bakin titinsa, ya tsaya sai ma'aikatan hasumiya sun ba shi izini. Ya tashi, ya yi ta hawa na minti 20 ko fiye kafin ya kai tsayin da yake so, wajen ƙafa 35,000, wato kilomita 10 da wani abu daga ƙasa. Can sama iska ba ta da kauri, ba ta tokare jirgi sosai, shi ya sa gudu ke daɗi mai kuma ba ya ƙonewa da yawa. A ƙasa da ƙafa 10,000 kuwa ƙa'ida takan hana shi wuce kimanin kilomita 460 a awa. Sauka ma ba faɗowa ake yi ba. Matuƙa suna da lissafin da suke yi da ka: duk ƙafa 1,000 da za a sauko tana buƙatar mil ɗin teku 3 na tafiya gaba. Wanda ke ƙafa 30,000 ke nan sai ya fara gangarowa tun yana da saura kilomita 160 da ɗoriya. Idan kuma ya iso Jidda a tsakiyar jigilar hajji, ya tarar da jiragen Indonesiya da Turkiyya da Pakistan a gabansa, dole ya bi layi, wani lokaci har ya yi shawagi yana jira.

Wannan hawa da sauka ba su damu da tsawon tafiya ba, kusan kuɗinsu ɗaya ko ina za ka. A doguwar tafiya ba a ganinsu sosai. A gajeriya kuwa su ne rabin labari. Ɗauki Abuja. Daga Ambursa zuwa filin Nnamdi Azikiwe, a hanyar zare, kimanin kilomita 500 ne. Da lissafin rabawa kaɗai, minti 35 ya ishe ka. Amma duk wanda ya taɓa bi ya san abin yana neman awa 1, don jirgin bai gama hawa ya huta ba sai ga lokacin gangarowa ya yi. Legas tana kimanin kilomita 670, ta fi Abuja nisa da kashi 1 cikin 3, amma ƙarin lokacin bai fi rubu'in awa ba. Ga wani abin da ke ba mutane mamaki idan na faɗa: Yamai, babban birnin Nijar, ba ta kai kilomita 300 daga nan ba. Ta fi Kano kusa da mu, ta fi Abuja kusa da mu.

(KIƊA)

Na ce wa Goggo awa 5 zuwa awa 5 dawowa don in sauƙaƙa mata. A zahiri da wuya zuwa da dawowa su zo daidai minti da minti, saboda iska. Mai kwalekwale a Gulbin Kabi ya san bambancin bin ruwa da yi masa gaba: ƙarfin hannu ɗaya, lokaci daban. Haka jirgi yake, cikin iska yake iyo, iskar kuma tafiya take yi. Idan ta biyo bayansa da gudun kilomita 100 a awa, 850 ta zama 950. Idan ta tare shi, ta koma 750. Tsakanin Ingila da Amurka, inda wata iska mai ƙarfi ke kaɗawa can sama daga yamma zuwa gabas, mai zuwa Landan daga New York yakan riga mai komawa da kusan awa guda. A namu yankin iskar sama tana sauyawa da lokacin shekara, da damina daga gabas take zuwa. Saboda haka kada ka ce matuƙin bara ya fi na bana iya aiki.

Abin da ya fi iska tsawaita tafiya shi ne rikicin mutane. Sararin sama ba daji ba ne da kowa zai bi inda ya ga dama. Kowace ƙasa ita ke da ikon saman da ke kanta, akwai kuma hanyoyi da aka shata, ana miƙa jirgi daga hannun masu kula na wannan ƙasa zuwa na waccan. Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan, aka rufe sararin samanta, ana saura 'yan makonni a fara jigilar alhazan shekarar. Ku tuna zarenmu: wani dogon ɓangarensa ta kan Sudan ya bi. Dole jirage suka koma zagaye, tafiyar ta ƙaru da awa 2 ko fiye, mai ya ƙaru, kamfanonin jiragen suka nemi ƙarin kuɗi daga Hukumar Alhazai ta Ƙasa. A watan Agustan 2023 ɗin kuma, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Nijar ta rufe nata saman na kusan wata guda, jiragen da ke tsakanin Turai da Nijeriya su ma suka sha zagaye. Jidda ba ta gusa ko taku ɗaya ba. Waya za ta ci gaba da ce maka 3,800, alhali jirgin da kake ciki ya ci fiye da haka nesa. Ni dai ban ga laifin matuƙin da ya ƙi ratsa inda ake harbi ba. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara.

Da shekara kuwa kakanninmu suka bi ta, ba a karin magana kaɗai ba. Wannan Sudan ɗin da jirgi ke ƙetarewa cikin awa 2, ita ce ta ci ƙuruciyar mutane da yawa. A ƙasa ake tafiya, ko a kan jaki da raƙumi: Kano, Barno, Wadai, Darfur, El Obeid, Khartum, har bakin teku a Suwakin, sannan a shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Ko da a ce mutum zai miƙe kamar zare, yana cin kilomita 30 kullum ba hutu, sai ya yi fiye da wata 4. Amma wa zai iya haka? Guzuri ya ƙare, a tsaya a yi noma ko ƙodago damina ɗaya ko biyu, a ƙara gaba. Wasu sun tafi da goyo sun dawo da saurayi. Wasu ba su dawo ba, zuriyarsu na can har yau suna jin Hausa da Fillanci, kamar mutanen garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu, wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya kafa da jama'arsa bayan yaƙin Burmi na 1903. Shi ya sa a da, mai niyyar hajji yakan yi sallama irin ta wanda ba a sa ran sake gani.

Jiragen saman farko da suka iso Kano ma wannan hanyar suka biyo, sai dai ta baya. Jiragen sojan Ingila ne guda 3, suka taso daga Masar ranar 27 ga Oktoba 1925, suka yi ta zango a Sudan da Cadi da Maiduguri, suka sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba. Kwana 6, a jirgin sama. A lokacin abin al'ajabi ne.

Mu a nan Kabi sauƙin bai daɗe da iso mu ba. An ƙirƙiro jihar ranar 27 ga Agusta 1991, amma shekaru da yawa bayan nan maniyyatanmu sai sun tafi Sakkwato su hau jirgi. A zamanin Gwamna Sa'idu Usman Nasamu Dakingari, wanda ya yi mulki daga 2007 zuwa 2015, aka gina filin Ambursa ya kai yadda manyan jirage za su sauka. Ranar 15 ga Mayu 2024 kuwa, daga nan ne jirgin farko na alhazan Nijeriya gaba ɗaya na shekarar ya tashi, Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya zo da kansa ya ƙaddamar da jigilar. Na tabbata akwai masu saurarona da ke cikin wannan sahu.

(KIƊA)

Yanayin garinmu shi ma yana da bakin magana. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, iskar arewa maso gabas tana kwaso ƙura daga Sahara, mafi yawanta daga wani busasshen kwari a arewacin Cadi da ake kira Bodele. Hazo ya rufe gari, ka tsaya a bakin hanya ba ka hango bishiyar da ke gabanka kaɗan. Matuƙi yana da iyakar da doka ta sa masa: idan bai iya hango titin sauka daga nisa kaza ba, ba zai sauka ba. Sai a jinkirta tashi daga Abuja, ko jirgi ya zo ya yi shawagi ya juya. Tafiyar awa 1 ta zama ta yini, wani lokaci ta gobe. Ina jawo hankalin masu gayyato baƙi zuwa bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, UNESCO kuma ta sa shi cikin kayan gadon al'adun duniya a 2016. Bikin yakan faɗo wajen Fabrairu ko Maris, hazo bai gama janyewa ba. Duk wanda ke son ya ga an ruga cikin Matan Fada da homa da gora, ya iso kwana ɗaya kafin ranar. Haka mai ɗaurin aure, haka mai zuwa jarrabawar neman aiki.

Da bazara kuma zafi ne. Idan ma'auni ya haura 40, iska takan yi sakayau, fukafukai ba sa samun abin dogara sosai, inji ma ƙarfinsa na raguwa. Jirgi mai cike da mutane da kaya sai ya ƙara gudu a titi kafin ya ɗaga. Wannan na daga cikin dalilan da ke sa ma'aikata su tsananta wajen awon kaya. Hajiya, idan an ce kilo kaza, ba ƙeta ake yi miki ba. An riga an lissafa nauyin jirgin da na mai da na mutane tun kafin ki iso.

Yanzu bari mu auna tafiya yadda jiki ke jinta, daga ƙofar gida zuwa ƙofar gida. Mutumin Argungu zai je Abuja. Ya ba hanya awa 1 zuwa fili. Ya iso awa 1 da rabi kafin tashi, don awo da bincike. Awa 1 a jirgi. Rabin awa jiran kaya. Filin Abuja kuma yana wajen gari, kimanin kilomita 40, a ce wata awa 1 idan da cunkoso. Awa 5 ke nan, a tafiyar da waya ta ce masa awa 1 ce. Duk da haka ya ci riba, don a mota, ta Jega da Koko da Yawuri da Kwantagora da Tegina da Minna, fiye da kilomita 600 ne, kuma yini ne cur, ban da gajiya da fargaban hanya. Sakkwato kuwa, da ke kilomita 100 kacal a hanyar zare, ko da akwai jirgi kullum, mai mota zai riga ka shan ruwa a can kafin ka gama layin awo.

Ga maniyyaci lissafin ya fi haka tsawo. Akwai zaman sansanin alhazai ana jiran a kira sahu. Akwai binciken fasfo a can, wanda kan ci awoyi. Wanda ya sauka Jidda yana da sauran tafiyar mota ta wajen kilomita 100 zuwa Makka. Wanda ya sauka Madina, bayan kwanakin ziyara, yana da kimanin kilomita 450 a gabansa. Saboda haka ina roƙon 'ya'ya da jikoki, idan kuna shirya wa tsoho jaka, maganinsa na hawan jini ko na ciwon suga ya kasance a ƙaramar jakar hannu, kada ya shiga babban akwati da za a jefa cikin jirgi. Ku tambayi likita tun a gida yadda za a yi da lokacin shan magani, tunda agogo zai tsallake awa 2. A cikin jirgi a riƙa shan ruwa, don iskar ciki busasshiya ce. Na san dattawa da yawa kan ƙi sha don gudun shiga bayin da ba su saba da shi ba. Ku nuna musu yadda ake buɗe shi da rufe shi, ko ku haɗa su da wanda ya taɓa zuwa. A riƙa motsa ƙafafu, a tashi a ɗan taka idan an ba da dama, don dogon zama wuri ɗaya na iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa. Idan kunne ya toshe wajen sauka, a haɗiyi yawu ko a yi hamma. Batun salla kuma, ku sani mai tafiya gabas rana na saurin faɗuwa gare shi, la'asar da magariba da isha'i za su zo masa kusa da kusa. Yadda za a yi da su, da inda za a ɗaura harami, ku tambayi malamanku a wajen bita tun kafin ranar tashi.

Da na gama yi wa Goggo bayani, na ɗauko ƙwarya da zare na nuna mata, ta daɗe tana kallo. Sai ta ce kakanta ya tafi hajji a ƙasa tun ba a haifi mahaifinta ba, an bar shi a ciki, bai dawo ba sai da yaron ya isa kiwo. Ta sa yatsa a kan zaren, ta ce, "Ɗan nan, nan ne Sudan ɗin?" Na ce nan ne, Goggo. Ta ce, "A nan ya yi damina 3. Ni kuwa barci nake yi muka wuce."

Jama'a, agogon ɗakin shiri ya nuna lokacinmu ya cika. Mai tambaya ya aiko mana, za mu karanta a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo mana da su lafiya.

(KIƊAN RUFE SHIRI)